Sanin Nasabar Fumfunar da Ake Saki a Gona

Tun kaka da kakanni manomi bai san fumfuna da wani alheri ba, gama ita ce ke shiga rumbu ta ɓata hatsi idan laima ta kama shi, ita ce ke ruɓar da saiwar tumatir da barkono a fadama, ita ce kuma ke sa ƙwayar gyaɗa ta yi ɗaci a baki har mutum ya tofar. Saboda haka in aka gaya wa dattijo cewa yau ana ɗura fumfuna a buhu, a sayar masa da kuɗinsa, domin ya watsa ta a gonarsa da hannunsa, ba za a ga laifinsa ba in ya ɗauki zancen wasa ne ko kuwa damfara. Alhali kuwa zancen gaskiya ne, har ya daɗe da wuce matsayin gwaji, domin a ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya da Gana da Senegal da Kenya, akwai magungunan gona masu rajistar hukuma waɗanda ƙarfinsu duka fumfuna ce mai rai, wadda aka zaɓo domin ta yaƙi 'yar'uwarta mai ɓarna. Mas'alar da ta cancanci bahasi a nan ta amana ce: da wace hujja mutum zai saki abu mai rai, mai hayayyafa, wanda iska ke ɗauka ta kai gonar maƙwabci, wanda kuma ba a iya kiransa ya komo bayan an sake shi, sa'an nan ya ce ya tabbata mataimaki ya saka? Ido ba ya raba mai amfani da mai cutarwa, madubin ƙara girma ma sau da yawa ba ya raba su. Abin da ya fara kawo amsa mai gamsarwa, cikin shekaru ashirin ɗin da suka shige, shi ne ilmin karanta kundin gadon halitta, wanda masana ke kira jinom.

A cikin kowace ƙwayar halitta, ta mutum ce ko ta dabba ko ta tsiro ko ta fumfuna, akwai wani dogon zaren sinadari da ake kira DNA, wanda aka jera shi da tubala iri huɗu kacal, masana suka laƙaba musu haruffan A da T da G da C. Jerin haruffan nan kuwa, watau wane ya gabaci wane, shi ke ɗauke da umarnin duk abin da halittar za ta ƙera a jikinta, abinci ne ko makami ko guba. Al'amarin ya yi kama da littafin da almajirai ke kwafewa da hannu, tsara bayan tsara: yana da juzu'ai, su ne ake kira kuromosom, yana da babobi da jumloli, su ne ƙwayoyin gado, kuma kamar yadda mai kwafe yakan sauya harafi, ko ya tsallake layi, ko wata takarda ta faɗi daga gafaka ta ɓace, har wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji kuskuren, haka nan zuriyoyin fumfuna suke gadon kurakuran kakanninsu, da waɗannan kurakurai ne kuma ake gane nasabarsu. Kundin ɗan Adam yana da haruffa kimanin biliyan 3. Na irin fumfunar da muke zance a kanta bai fi miliyan 30 zuwa 40 ba. Frederick Sanger ya fito da hanyar karanta jerin a Kambirij ta Ingila a 1977, aka gama karanta na yisti a 1996, na fumfunar Neurospora a 2003, na fumfunar da ke ƙone ganyen shinkafa a 2005. A wancan lokaci aikin na manyan cibiyoyi ne masu ɗimbin kuɗi; yau ɗalibin digiri na biyu yana iya yin sa cikin 'yan makonni, akwai ma na'urar karatu da ba ta fi a sa ta a aljihu ba.

Yadda ake yi kuwa ba wani sihiri a ciki. Ana renon fumfunar a ruwan abinci har ta yi tumbu, a tace ta, a daskarar da ita, a daka a ɗan turmin tangaran har ta zama gari, a zuba magungunan da ke narkar da kome su bar DNA, wanda ke bayyana a gindin kwalba fari-fari kamar ɗan ɓarɓashin auduga. Daga nan sai a gutsuttsura shi, na'ura ta karanta gutsattsarin, miliyoyinsu, kwamfuta kuma ta harhaɗa su ta hanyar duba inda ƙarshen wannan ya dace da farkon wancan. Wahalar ba a karatun take ba a yanzu, tana wajen fassara.

Wadda ta fi shahara cikin fumfunoni masu taimako ita ce Trichoderma, mai launin kore, wadda ake samu a kusan kowace ƙasar noma da kan ruɓaɓɓen itace. Tun a 1932 wani masani mai suna Weindling ya bayyana cewa tana farautar wasu fumfunoni, irin su Rhizoctonia mai kashe dashe tun yana ƙarami. Wanda ya taɓa ajiye su biyun a faranti ɗaya a ɗakin gwaji zai ga, bayan 'yan kwanaki, koren ya haye kan abokin gabarsa, a ƙarƙashin madubi kuma zai ga zaruruwanta sun nannaɗe na wancan, sun huda bangonsa, suna tsotse abin da ke ciki. Ta farko da aka karanta kundinta a wannan gida, a 2008, ita ce Trichoderma reesei, wadda asalinta aka samo ta a tsibiran Solomon a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana cinye tantuna da tufafin sojojin Amurka, masana'antu kuma suka riƙe ta domin sinadaran narkar da zare. A 2011 Christian Kubicek na Biyana da abokan aikinsa suka buga kundin biyu daga cikin mafarautan, atroviride da virens, suka gwama su da na farkon. Suka tarar mafarautan sun fi yawan ƙwayoyin gado, kimanin 12,000 kowace, alhali ta masana'antu ba ta fi 9,000 da 'yan kai ba, kuma wani sashi mai yawa na ƙarin makamai ne: sinadaran da ke narkar da kitin, wanda shi ne ƙashin bangon fumfuna, da kuma babobin ƙera guba iri-iri. Daga nan suka yanke hukunci cewa farauta ita ce ɗabi'ar asali ta wannan gida, wadda ta koma cin itace kuwa ta zubar da wasu makamanta ne daga baya.

Wannan bincike ya burge masana, ya kuma buɗe hanyar zaɓen zuriyar da ta fi makamai tun kafin a kai ta gona. Amma a ganina fa'idar da ta fi wannan girma ta zo ne ta wata fuska marar daɗin ji. A 2015 Priscila Chaverri da abokan aikinta suka bi nasabar fumfunonin da ake kira Trichoderma harzianum ta hanyar jerin haruffan wasu ƙwayoyin gado, suka tarar sunan nan ɗaya ya lulluɓe jinsuna fiye da goma mabambanta, suka kuma tarar magungunan kasuwa da suka bincika, waɗanda aka rubuta wannan suna a jikinsu, ba shi ne a ciki ba in an bi tahƙiƙi. Shahararriyar zuriyar T22, wadda Gary Harman ya samar a Jami'ar Cornell, ta tashi daga wannan suna ta koma afroharzianum. Mai karatu zai ce ina ruwan manomi da sauyin suna, tun da maganin na aiki? Ruwansa ya bayyana a 2018, sa'ad da aka fara ganin wata sabuwar ruɓewar zangarniyar masara a kudancin Jamus, masanan Jami'ar Göttingen kuma suka tabbatar cewa wasu zuriyoyin wannan jinsi na afroharzianum ne ke haddasa ta. A cikin gidan kuma akwai aggressivum mai halaka gonakin laimar kwaɗin da ake ci a Turai da Amurka, akwai longibrachiatum mai kama marasa lafiyar da garkuwar jikinsu ta yi rauni. Kama da wane ba wane ba ne. Amma sai an karanta kundin kafin a san wane ne wane.

Inda wannan mas'ala ta fi shafar ƙasarmu kai tsaye shi ne sha'anin gyaɗa da masara. A 1960, sa'ad da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, Nijeriya kuma tana cikin manyan masu fitar da gyaɗa a duniya, sai talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil, wadda fumfunar Aspergillus flavus ta zuba wa guba, aka sa wa gubar suna afalatoksin. Tun daga nan masu saye a Turai suka fara auna ta, suka yi ta tsananta iyaka, har Tarayyar Turai ta tsayar da kashi 4 cikin biliyan ga gyaɗar da mutum zai ci kai tsaye, Amurka kuwa kashi 20. Gubar ba ta da launi, ba ta da wari, dafuwa ba ta kashe ta, tana kuma cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, musamman ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a cikinmu. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. A gabashin Kenya kuwa a 2004 masara mai guba ta kwantar da mutum 317, ta kashe 125. Abin da ya fi ban tausayi a wajenmu shi ne inda ƙwayoyin da aka tsince aka ware suke ƙarewa: mai kyau ta tafi kasuwa, motsattsiya da mai ɗaci kuma a sayar da arha ga masu matsar mai da yin ƙuli-ƙuli, ko a zuba wa kaji, ta haka gubar ta taru a abincin wanda ya fi kowa talauci.

Hikimar da Peter Cotty na ma'aikatar aikin gona ta Amurka ya fito da ita a gonakin auduga na Arizona mai sauƙin faɗi ce. Ba dukan zuriyoyin Aspergillus flavus ke ƙera guba ba; in aka cika gona da marar guba kafin amfani ya yi fure, sai ta riga mai gubar kama wuri, ta cinye abincin, mai gubar ta zama 'yar tsiraru. Zuriyarsa mai suna AF36 ta sami rajista a 2003, wata kuma da aka samo daga gyaɗar Jojiya ta fito da sunan Afla-Guard a 2004. Cibiyar nazarin aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, watau IITA, ta hannun Ranajit Bandyopadhyay tare da Cotty, ta ƙi ɗauko ta Amurka ta zuba a Afirka, ta tattara dubban samfura daga gonakin Nijeriya, ta tace su har suka koma zuriya huɗu marasa guba, ciki har da wadda aka samo a Lafiya, ta haɗa su a maganin Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa cikakkiyar rajista a 2014. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa Gana da Senegal da Burkina Faso da Kenya kowace ta sami nata haɗin daga zuriyoyin yankinta. A ido maganin dawa ce da aka gasa domin kada ta tsiro, aka shafe ta da ƙurar irin fumfunar, aka rina ta shuɗi domin kada wani ya ɗauka ta abinci ce ya kai niƙa. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin fure, lokacin da ƙasa ke da danshi. Bayan 'yan kwanaki wanda ya durƙusa ya duba zai ga kowace ƙwaya ta yi gashi kore-kore mai ratsin rawaya, daga nan iska da ƙwari su ɗauki ƙurar su kai kan amfanin. Gwaje-gwajen gona sun yi ta nuna raguwar gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye.

To, a nan ne shubuha take. Wadda aka watsa da wadda ake yaƙa jinsinsu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Me ya hana marar gubar ta wayi gari ta koma mai guba? Ba a iya amsa wannan da rantsuwa, sai da matanin kundin. Kundin Aspergillus flavus yana da haruffa kimanin miliyan 37 a juzu'i 8, umarnin ƙera afalatoksin kuwa, bisa wani tsari mai ban mamaki, an tara shi wuri ɗaya kusa da ƙarshen juzu'i na uku, babi guda mai haruffa kimanin 70,000 da ƙwayoyin gado fiye da 25, kowace tana da matakin da take yi a ƙerar. Da aka duba wannan babi a AF36, Cotty da abokin aikinsa Ehrlich suka bayyana a 2004 cewa babin yana nan, amma harafi ɗaya tak ya sauya a ƙwayar gadon da ke fara aikin, sauyin kuma ya zama alamar tsayawa a tsakiyar jumla, ta yadda karatun ke yankewa kafin ya kai ga ma'ana. A zuriyar Afla-Guard kuwa babin gaba ɗaya ya ɓace, tare da maƙwabcinsa mai ƙera wata guba ta dabam da ake kira CPA, wadda AF36 take ƙerawa har yanzu. Ga mai hankali waɗannan ba daraja ɗaya ba ne: harafin da ya sauya, a ƙa'ida, yana iya komawa, ko da yake abu ne mai wuyar aukuwa, takardar da ta ɓace kuwa ba ta dawowa sai an aro ta daga wani littafi. A 2016 Adhikari da Bandyopadhyay da Cotty suka karanta wannan babi a zuriyoyi fiye da 30 marasa guba na Afirka da Amurka ta Arewa, suka tarar rashin gubar ya auku sau da yawa ta hanyoyi mabambanta, kuma a galibinsu illar ba ɗaya ba ce, kurakurai ne suka taru bisa kurakurai, abin da ke nuna cewa babin ya daɗe da mutuwa, ba jiya ya lalace ba. Da irin wannan hujja ake fifita zuriya a kan zuriya yanzu.

Akwai wani shaida daga nesa da ke ƙarfafa zuciya. Fumfunar da Japanawa ke amfani da ita ɗaruruwan shekaru wajen yin miyar waken soya, Aspergillus oryzae, da aka karanta kundinta a 2005 sai ta bayyana 'yar gida ɗaya ce da flavus, kusan a ce ita ce aka horar. Tana ɗauke da ragowar babin gubar, amma a mace, ba a kuma san ta da rayar da shi ba duk tsawon zamanin nan.

Sai dai zancen aro daga wani littafi ba ƙaramin zance ba ne, a kansa ne kuma saɓanin malaman fannin ya tsaya. Shekaru da yawa ana ɗauka Aspergillus flavus ba ta aure, tana hayayyafa ne ta hanyar kwafe kanta kawai, har sai da Bruce Horn da Geromy Moore da Ignazio Carbone suka nuna a 2009 cewa tana da jinsin aure biyu, kuma in aka haɗa masu dacewa a ɗakin gwaji suna haifar 'ya'yan da ke gauraya kundin iyayensu. Ɓangare ɗaya ya ce, in haka ne, marar gubar da aka cika gona da ita tana iya auren mai guba, a sami ɗa mai ƙarfin mamaye wuri irin na uwa da guba irin ta uba. Ɗaya ɓangaren, wanda Cotty ke ciki, ya ce abin da ya yiwu a faranti bayan watanni na tanadi ba lalle ya zama ruwan dare a gona ba, suka kawo hujjar cewa dangin AF36 da aka tattaro daga wurare masu nisa da juna cikin shekaru masu yawa sun ci gaba da zama marasa guba, ba alamar gauraya. Wasu ma suna ganin auren na iya zama alheri, domin yana iya yaɗa rashin gubar cikin jama'ar fumfunar. Ni dai abin da na fahimta shi ne hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi a yau, musamman da yake zuriyoyin da ake watsawa 'yan ƙasa ne da suka daɗe suna cuɗanya da masu gubar tun kafin a san da su. Amma hukunci ne irin wanda ake sabuntawa, domin ya rataya ne a kan ci gaba da ɗibar ƙasa daga gonakin da aka yi wa magani, shekara bayan shekara, ana karantawa.

Wanda yake ganin wannan taka-tsantsan ya yi yawa, ya dubi labarin Fusarium oxysporum. Wannan jinsi ya ƙunshi zuriyoyin da ke kashe tumatir da ayaba da auduga, kowace da amfanin da take kamawa, ya kuma ƙunshi marasa cutarwa, irin su Fo47 da aka samo a ƙasar Faransa ake amfani da ita wajen kare saiwa. A 2010 Li-Jun Ma da abokan aikinta suka karanta kundin mai kashe tumatir, suka tarar tana da wasu juzu'ai na ƙari waɗanda 'yan'uwanta ba su da su, a cikinsu makaman cutar suke. Sa'an nan suka rene ta tare da Fo47 a wuri ɗaya, sai juzu'i sukutum ya ƙaura daga wannan zuwa waccan ba tare da aure ba, mai kare saiwar ta koma mai cutar da tumatir. Wannan ya shafe mu, domin daga cikin dabarun yaƙi da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, mai shanye dawa da gero da masara, akwai amfani da wata zuriyar wannan jinsi da ke kama ƙudujin kaɗai. An samo guda a arewacin Gana, an samo wata a Samaru ta Zariya, a Kenya kuma har an mai da tasu magani. Dabara ce mai kyau, ƙuduji kuwa annoba ce da ta kori mutane daga gonakinsu. Amma malaman usulu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo maslaha, kuma a jinsin da juzu'ansa ke yawo irin haka, wajibi ne a san abin da ke cikin kundin zuriyar, a kuma gwada ta a kan tumatir da gauta da sauran abin da ake nomawa kusa, kafin a ba ta izini.

Ba a cututtukan tsiro kaɗai ake wannan aiki ba. Fumfunar Metarhizium acridum, wadda aka samo daga jikin wata fara a Nijar, shirin yaƙi da fara na LUBILOSA kuma ya mai da ita maganin Green Muscle, kundin jinsinta da aka buga a 2011 ya nuna tana da ƙarancin makamai in an gwama ta da 'yar'uwarta mai kama ƙwari iri-iri, abin da ya dace da ɗabi'arta ta tsayawa kan fara da danginta.

Duk da haka kada a ɗora wa wannan ilmi abin da ba zai iya ɗauka ba. Kundin yana faɗin abin da fumfuna za ta iya yi. Abin da za ta yi a gonar wane a damina ta bana wani zance ne dabam. Kaso mai yawa na ƙwayoyin gadon da aka karanta har yau ba a san aikinsu ba, babobi da yawa kuma a rufe suke a ɗakin gwaji, ba sa buɗewa sai fumfunar ta gamu da maƙiyi ko yunwa. Trichoderma da ta yi bajinta a faranti tana iya kasa kome a jigawa mai zafi da ƙarancin taki, ko ta mutu a kanti tun kafin a saye ta saboda buhun ya sha zafin bazara, ko kuwa garin maganin da manomi ya cuɗa irinsa da shi ya kashe ta tare da maƙiyanta. Shuɗiyar dawar nan ma in aka watsa ta ruwa ya ɗauke, ba za ta yi gashi ba, tururuwa da tsuntsaye su kwashe. Kuma maganin ba ya ɗauke wa kowa nauyin shanya amfani da kyau, a kan tabarma ko leda, da ajiye shi inda laima ba ta kai.

Matsalar da ta fi waɗannan tsanani ta kasuwa ce. Maganin guba ba ya ƙara yawan buhuna, abin da yake cirewa kuma ba a gani. Saboda haka manomin da ya kashe kuɗinsa ya sayi magani, in ya kai masararsa kasuwa irin ta Dawanau, mudu ɗaya ake auna masa da wanda bai saya ba, farashi ɗaya. Inda abin ya karɓu shi ne inda aka sami mai saye da ke auna gubar ya biya ƙari, irin masu haɗa abincin kaji da masana'antun abinci da masu fitarwa waje, da kuma lokacin da shirin AgResults ke ba dillalai lada a kan masarar da aka tabbatar an yi mata magani. Tabbatarwar nan kuwa da alamomin gado ake yin ta: a ɗebi masara, a reni fumfunar da ke jikinta, a duba ko dangin waɗanda aka watsa ne. Da wannan hanya ce kaɗai hukuma za ta iya kama mai rina dawa shuɗi ya sayar da sunan magani, ha'incin da ba shi da wuya ga wanda ya san yadda jabun taki da jabun iri ke yawo a kasuwanninmu.

Saura tambayar wa ke karatun, wa kuma ya mallaki abin da aka karanta. Fumfunar daga ƙasarmu aka tono ta, amma yawancin kundayen a ƙasashen waje aka karanta su, aka zuba a rumbunan intanet irin su GenBank, inda kowane kamfani a duniya ke iya saukewa kyauta. Buɗewar nan alheri ce ga ilmi, da ita ne ɗalibi a Zariya ko Maraɗi zai gwama abin da ya samu da na sauran duniya. Amma Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce ƙasar da aka ɗebi halitta daga cikinta tana da haƙƙi a ribar da aka samu, an rubuta ta ne ana tunanin samfurin da ake ɗauka a kwalba, jerin haruffa kuwa ba ya bin ta kwastan. Sai a 2024, a taron Kali na Kolombiya, aka amince da kafa asusun da manyan kamfanoni masu cin moriyar irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba wani kaso, ba bisa tilas ba. Ban ga alamar wannan asusu zai wadatar da kowa nan kusa ba. Abin da ke hannunmu ya fi shi tabbas: cibiyar da Christian Happi ke jagoranta a Ede ta jihar Osun ta karanta kundin ƙwayar korona ta farko a Afirka a watan Maris na 2020 cikin 'yan kwanaki, na'urorin da suka yi wannan aiki kuwa ba su san bambancin ƙwayar cutar mutum da fumfunar gona ba. Abin da cibiyoyin noma irin na Samaru ke bukata shi ne masu fassara kundin, da kuɗin zagaya gonaki ana ɗibar samfur kowace kaka, da ma'ajiyar zuriyoyin kansu, domin jerin haruffa a kwamfuta ba ya tsirowa. Dole a riƙe fumfunar da ranta a cikin sanyi, a ɗakin da wutar lantarkinsa ba ta yankewa, a riƙa fito da ita lokaci-lokaci ana gwama ta da abin da masana'anta ke ɗurawa a buhu.